Tabon da Bukar Ya Ce Na Ƙaho Ne

Jandarman da ya karɓi takarduna a shingen da ke kafin garin Maine ya daɗe yana kallon hotona. Ya ɗago ya kalle ni, ya sake komawa kan hoton. Da Hausarsa mai nauyin Barebari ya ce, "Daga Najeriya. Mai aikin likita. Za ka Diffa. Wa za ka yi wa magani a can?"

Na ce, "Duk wanda aka kawo mini, ranka ya daɗe."

"Duk wanda aka kawo maka," ya maimaita, ya rubuta wani abu a littafinsa. Da muka koma mota, dattijon da ke zaune kusa da ni ya matso ya ce a hankali, "Ɗana, a ƙasar nan ba a ba da irin wannan amsa. Akwai waɗanda in ka yi musu magani, kai ma ka zama nasu."

Sunana Sabi'u, mutumin Haɗeja ne ni. A Kano na koyi aikin ɗaukar hoton ciki, na dawo gida na yi shekara uku ba aikin kirki. Wani dillalin tattasai da ke zuwa garinmu ne ya haɗa ni da wani tsohon ma'aikacin jinya a Diffa, wanda ya yi ritaya ya buɗe ƙaramin asibiti na kansa, ya sayi na'ura ya rasa mai sarrafa ta. Na bar matata Maryam da jaririya 'yar wata huɗu, na taho.

Majo Lawan ake ce wa mutumin. Dogo ne, mai fara'a, ba ya rabuwa da farar riga ko da masallaci za shi. Asibitin ɗaki huɗu ne a bayan kasuwar tattasai, ko'ina ka juya yaji na shiga hanci. Ranar farko ya karɓi takardun karatuna na asali, ya ce zai kai ofis a buga musu hatimi. Ya nuna mini na'urar. Tsohuwa ce, an naɗe wayarta da salatif, amma tana aiki, har tana nuna gudun jini da launi in wuta ta tsaya. Abin da muke kira sikanin a gida, su eko suke ce masa.

Sai da na kwana uku na lura da allon da ke bakin ƙofa. Na sa aka karanta mini Faransancin: wai an kawo babban likita wanda ya yi karatu a Indiya.

Na ce, "Majo, ni ko Abuja ban taɓa wucewa ba."

Ya yi dariya. "Wa zai tambaye ka? Kuma ka ji, in mutum ya taso tun daga Bosso, kada ka ce masa ba komai a cikinsa. Ka samo masa wani abu. Ba wanda ke son ya koma gida haka nan."

Ban samo wa kowa abin da babu ba. Sai na lura duk sakamakon da na rubuta, Majo na shiga ɗakinsa da shi, ya sake rubuta wani da Faransanci. Ban san abin da yake sawa a ciki ba. In na tambayi takarduna, kullum suna ofis.

Garin bai karɓe ni ba. In na zauna a majalisar masu shayi, hira ta koma Barbarci. Wasu na ganin ɗan leƙen asirin soja ne ni, wasu na ganin mutanen daji, 'yan tayar da ƙayar bayan nan, ne suka turo ni, ni kuma kowa ya yi mini murmushi sai in ce Majo ne ya sa shi ya sa mini ido. Wata Juma'a da la'asar kewa ta ishe ni, na taka har bakin kogi. Ruwan Komadugu ta bayan garinmu yake bi kafin ya iso nan. Na tsuguna na ɗiba na wanke fuska, ina tunanin ko Maryam ta yaye wa yarinya zanin goyo mai kaurin nan da zafi ya shigo. Ban gama ba wani soja ya daka mini tsawa daga kan tudu, ya ce me nake nuna wa mutanen ƙetare. Ban sake zuwa ba.

Mutum ɗaya ce ba ta sauya harshe in na zo: Ya Kaltum, mai sayar da shinkafa da miyar busasshen kifi a ƙofar asibitin. Ta kai shekara hamsin. Ƙauyensu na bakin kogi ne, rikici ya tashe su suka dawo zaman bukkoki a gefen kwalta. Afuno take kirana, sunan da Barebari ke kiran Bahaushe. Da na yi zazzaɓi na kwana biyu ban fito ba, ita ta biyo ni har ɗaki da kunu mai zafi, tana faɗa. "Afuno, in ka mutu a nan, wa zan gaya wa? Ko sunan uwarka ban sani ba."

A wata na biyar ta zo da ƙanenta Bukar a amalanken jaki. Manomin tattasai ne, zai yi arba'in, ya rame, idanunsa sun yi ɗorawa. Ta ce ciwon ciki ne ke tayar masa ta gefen dama, bayan gidansa baƙi ƙirin kamar kwalta, sau biyu kuma ya yi aman jini. Da na ɗaga rigarsa na ga tabo a ƙasan haƙarƙarin dama, siriri, miƙaƙƙe, da sawun ɗinkin wanzami.

"Me ya same ka a nan?"

"Sa ne ya soke ni," ya ce, yana kallon bango.

A cikin shanu na tashi. Ƙaho yaga yake yi, ba ya yanka a miƙe haka. Na ɗora masa na'ura.

A cikin hantarsa na ga wani baƙin ƙulli kamar ƙwan zabo. Majo na tsaye a bayana. Ya ce, "Ƙurji ne, ya tara mugunya. A kawo doguwar allura in zuƙe shi, gobe ya tashi."

Da farko ni ma haka na zata. Amma malamata a Kano ta sha gaya mana kada mu kira komai ƙurji sai mun kunna launi. Na danna. Ƙullin ya cika nan take, rabi ja rabi shuɗi, suna juyawa suna bin juna daidai da bugun zuciyarsa.

Na ce, "Majo, wannan jini ne. Abin da ya soke shi ya huda jijiyar da ke kai wa hanta jini. Jinin na fita ta hudar yana taruwa, naman da ke kewaye ne kawai ya riƙe shi. In ka sa allura, a kan gadon nan zai ƙare."

"Shekara talatin ina huda ƙuraje, tun kafin a haife ka."

"Wannan dai ba za ka huda ba."

Na tsaya tsakaninsa da gadon. Ban san ina da wannan ƙarfin halin ba. Ya kalle ni, ya kalli Ya Kaltum da ta kafe shi da ido, ya ajiye tiren ya fita.

Na ɗauki hoton allon da wayata na tura wa malamata. Kafin azahar ta kira. Ta ce abin da na gani daidai ne, kuma jinin da yake amai ta hanyar matsarmama yake biyowa, wato jakar jinin nan da na gani ta fara yoyo. A yi masa babban hoto a Damagaram a tabbatar. Ta ce ta san wani likita a Yamai da ke toshe irin wannan huda ba tare da an tsaga ciki ba, za ta yi masa magana. "Amma Sabi'u, ku yi sauri. Irin wannan ba ta sallama kafin ta fashe."

Na zauna na yi wa Bukar bayani da abin da ya sani. Na ce ya tuna tiyon injin ban-ruwa in ƙaya ta huda shi a ƙarƙashin ƙasa: ruwa ya taru, ƙasa ta kumbura, tana riƙe da shi har ranar da za ta ɓalle. Ya gyaɗa kai. Ya Kaltum ce ta tsare ni.

"Me ya sa sai Yamai? Majo ya ce a nan ma zai iya. Mun ji ana kai mutane can a cire musu ƙoda. Afuno, gaya mini gaskiya, wa ya aiko ka garin nan?"

Maganar ta yi mini ciwo, daga bakin da ya ba ni kunu. Na ce, "Yunwa ce ta aiko ni, Ya Kaltum. Ba wani."

Akwai wata ƙungiyar agaji a garin da ke ɗaukar nauyin waɗanda rikici ya raunata, har ta kai su manyan asibitoci. Su kaɗai ne hanyarmu. Amma ba sa ɗaukar wanda sa ya soka. Dole a rubuta cewa makami ne, kuma shi ya amsa da bakinsa. Bukar ya ce a'a. Ya ce duk takardar da aka rubuta a Diffa tana da ƙafa, gobe a ofishin soja za ta kwana. Majo kuma ya kira ni ɗakinsa ya rufe ƙofa.

"In ka rubuta makami, jandarmomi za su zo su tambaye ni mutum nawa irinsa suka shigo nan. Ni ɗan gari ne, zan fita. Kai fa? Baƙo daga ƙetare, ba takarda a hannunka. Ka san ma wane ne shi? Ka san inda ya samo wannan tabon?"

Ban sani ba. Ni ma abin na cin raina. Manomin da ke ɓoye sukar wuƙa, ko dai an zalunce shi, ko yana cikin masu zaluncin. Na wuni ina juya maganar, ina tuna dattijon nan na cikin mota.

Washegari da hantsi Bukar ya sake amai, wannan karon ya kusa cika kwano. Ya Kaltum ta rugo ta kira ni, mayafinta a hannu. Na same shi kwance, leɓɓansa sun yi fari. Ya kamo gefen rigata ya ce, "Rubuta. Wuƙa ce. Amma ba zan shiga motarsu ba sai da kai. Kai ka ga abin, kai za ka nuna musu."

Na rubuta da hannuna, da Turanci, na sa sunana, ban bi ta ɗakin Majo ba. Da na dawo ɗaukar jakata na tarar ya sa kwaɗo a ɗakin na'ura. Ya ce in na shiga motar nan kada in dawo masa.

Hanyar Damagaram tsawo gare ta. Kowane shinge sai an buɗe bayan motar an leƙa, a karanta takardar ƙungiya, a kalli Bukar, sannan a kalle ni. Duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar a cikina jakar take. Yatsuna na kan wuyan hannunsa ina bin bugun. A garin Gure Ya Kaltum ta ɓare dabino ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba.

A Damagaram aka ƙara masa jini, aka sa shi cikin babbar na'urar da su ke kira sikana, bayan an yi masa allurar ruwan da ke haska jijiyoyi. Mai ɗaukar hoton ya ji ni abokin sana'a ne, ya jawo mini kujera. A allonsa jakar ta fito fari tas, da ɗan siririn wuya da ya haɗa ta da reshen jijiyar hanta ta dama. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Da wace na'ura ka gano wannan?" Da na kwatanta masa, ya girgiza kai yana dariya. Tun da na ƙetaro iyaka, ranar ce aka fara tambayata wani abu ba don a kama ni ba.

Daga nan kwana biyu muka yi kafin Yamai. Can kuma na zama kurma sosai, Zabarmanci a titi, Faransanci a ofis. Likitan da malamata ta faɗa matashi ne, gajere, Hausarsa guntu-guntu. Ya duba hotunan ya ce gobe da safe. Ya Kaltum ta ce a tambaye shi ina za a yanka. Ya nuna matsematsin cinya.

"Ciwo na ciki, a shiga ta cinya?" Ta juyo gare ni. "Ka ji ko? Na gaya maka."

Na roƙi likitan ya bar ni in shiga, don hankalinta ya kwanta. Ya yarda. Aka rataya mini riga mai nauyin dalma, na tsaya a gefe. Bukar idonsa biyu, wurin kawai aka kashe masa. Likitan ya huda jijiyar cinya, ya zura wani siririn bututu, muna kallonsa a allo yana hawa, ya bi babbar jijiyar ciki, ya karkata ya shiga ta hanta. Ya tura ruwan haskawa. Rassan jijiyoyi suka bayyana kamar saiwar bishiya, jakar ta cika ta yi baƙi a tsakiyarsu. Ya zura wani bututun da ya fi na farko siranta, ya wuce hudar kaɗan, ya fara sakin wasu 'yan wayoyi masu laushi da ke naɗe kansu da sun fita. Ya sa a gaban hudar, ya ja baya ya sa a bayanta, don jini ya daskare a kansu ya rufe hanyar ta kowane ɓangare.

Bukar ya ce da ni, "Afuno, sun fara?"

Na ce, "Sun kusa gamawa."

Likitan ya sake tura ruwan. Rassan suka fito kamar ɗazu. Inda jakar take, babu abin da ya shiga. Ya jira, ya sake turawa. Babu. Ya zare bututun, ya danne cinyar da hannunsa na ɗan lokaci, aka manna filasta.

Da aka fito da shi Ya Kaltum ta yaye zanin ta duba cikinsa ta ko'ina, ta juya shi ta duba bayansa wajen ƙoda. Ba yanka, ba ɗinki. Maimakon ta yi murna sai ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. "Ba su yi masa komai ba! Sun kawo mu ƙarshen duniya sun manna masa filasta!" Na nuna mata hoton kafin da na bayan, ta ture wayar. Ba ta yarda ba sai a kwana na huɗu, da ɗorawar idonsa ta fara washewa, ya cinye kwanon shinkafa ya ce a ƙaro, kuma ya ce miyar ba ta kai tata ba.

A ranar aikin an hana shi lanƙwasa ƙafa har la'asar, ni na zauna ina riƙe masa ita. A nan ya ba ni labari, ban tambaye shi ba. Ya ce tsohuwar gonarsa na cikin yankin da aka hana shiga. Zaman bukka da jiran rabon abinci ya ishe shi, sai ya riƙa komawa a ɓoye yana noma. Mutanen daji suka same shi a can, suka ce ya riƙa sayo musu man fetur daga gari. Ya ƙi, ɗaya ya soke shi. In ya faɗa wa hukuma, tambayar farko ita ce me ya kai shi can, ta biyu kuma sau nawa ya sayo kafin ya ƙi.

Ni ma tambayar ta biyun na bakina. Na dube shi, ya dube ni, ban yi ta ba. Har yau ban san amsarta ba.

Mun koma Diffa bayan mako uku. Ba ni da aiki, ba ni da ɗaki, na kwana biyu a shagon wani tela. Ya Kaltum ce ta je ta zauna a ƙofar Majo tun safe, duk wanda ya zo shiga sai ta ba shi labarin allurar da aka so a soka wa ƙanenta. Kafin azahar takarduna suka fito daga cikin durowarsa. Ko hatimi ɗaya babu a kansu.

Ranar da zan tafi ta same ni a tasha, ɗauke da ƙullin buhu a ka. Ta sauke a gabana. Busasshen tattasai ne, ja wur, manya, irin wanda ban taɓa ganin kamarsa a kasuwa ba.

"Bukar ya ce a kai wa matarka."

"Ina shi?"

Ta gyara mayafi, ta kalli wani wajen. "Ya je duba wani abu."

"Ya Kaltum, likita ya ce kada ya ɗauki kaya mai nauyi. Ba dai can ya koma ba?"

"Tattasai ya nuna, Afuno. Ba ya jiran likita."

Na so in bar buhun a tasha. Na san gonar da ya fito, na kuma san shingayen da ke gabana. Amma tana tsaye tana kallona, sai na ɗauka na sa a ƙarƙashin kujerata.

A shinge na biyu aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani jandarma ya kwance bakin buhun, ya ɗebo ya shinshina, ya murza ɗaya a tafin hannunsa. Ya ce, "Wannan na bakin kogi ne. Kai baƙo ne. Wa ya ba ka?"

Na ce, "Yayata ce, ranka ya daɗe. Tana sayar da shinkafa a bayan kasuwa."

"Bahaushen Najeriya da yaya a Diffa?"

"Eh," na ce. "Da ƙane ma."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya zuba abin da ya ɗeba a aljihunsa, ya ɗaure bakin buhun, ya ce in hau mota.